Dawar da Aka Shuka Ranar Laraba

A garinmu ba a taɓa ƙasa ranar Laraba. Chisi muke ce wa ranar. Kana iya zuwa kasuwa, ka yi wanki, ka sha giya har ka manta hanyar gidanku, ba mai ce maka kanzil, amma fartanya ba ta shiga gona. Ranar hutun kakanni ce, waɗanda suka riga mu kwanciya a ƙasar, kuma an ce ruwan sama a hannunsu yake. Na taso na tarar da haka, na je karatu na dawo na tarar da haka. Abin bai taɓa tsaya mini a rai ba sai shekarar da ruwan shuka ya zo ranar Talata da yamma.

Sunana Takawira, malamin makarantar firamare ne ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mutanen ofishin hasashen yanayi suka kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ajina, suka danƙa mini kula da shi. Aikin ba wani abu ba ne. Kullum ƙarfe takwas na safe in je in duba kwalbar, in rubuta abin da na gani, in tura musu ta waya, su kuma su turo mini abin da suke hange. Wannan ɗan aikin ya sa mutanen gari ke kirana Malam Hadari. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ya sa na fara jin kamar da ni ake shawara a sama.

Tun watan Satumba saƙo ya zo cewa daminar bana ba ta da kyau. Ruwan wani babban teku can bayan duniya, wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, in kuwa ya yi haka iskokin sama sukan sauya hanya. Giragizan da ke gangarowa daga wajen Kongo su kawo mana damina sai su maƙale a Zambiya. Busasshiyar iska mai nauyi kuma ta zauna a kan Botswana da mu, ta hana hadari tashi. Ruwa zai makara, in ya zo zai zo a yayyage, tsakanin wannan da wancan a yi makonni. Na karanta na fahimta, har na ji daɗin fahimtar, kamar ba gonakinmu ake nufi ba.

Yayata Sekesai ta girme ni da shekara tara. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna aiki a Afirka ta Kudu, ita kaɗai take noma gonarta da ke bakin hanyar rijiyar burtsatse. Kowa a garin masara yake shukawa, irin da ake sayowa a leda daga shago. Ita kaɗai ta rage da jar dawar mahaifiyarmu, gajeriyar nan mai nuna cikin wata uku, wadda uwarmu ta taho da ita a ƙullin zane daga ƙetaren kogin Runde ranar da aka kawo ta gidan miji. Mata sun daina shuka ta saboda tsuntsaye da wahalar sussuka, yara kuma ba sa son jan tuwo. Shekarar da ta gabata shanu suka shiga gonar Sekesai suka yi mata ɓarna. Abin da ya tsira na iri kwano ɗaya ne, a cikin tukunya da toka, an liƙe bakin da laka. Mun tambaya har ƙetaren kogin, ba gidan da ya rage da ita.

Tun watan Agusta Sekesai ta haƙa ramukan shuka a jere, ta zuba taki, ta rufe da busasshiyar ciyawa, ta zauna jiran sama kamar kowa. Oktoba ya wuce ba ɗigo. Sai ranar Talatar ƙarshe ta Nuwamba, bayan an tashi daga makaranta, hadari ya haɗo daga arewa ya kece. Ban iya jira sai safe ba, ana ɗaukewa na je na leƙa kwalbar: milimita talatin da huɗu. Ruwan shuka ne babu ko tantama.

A hanyar komawa gida na ji labarin wani tsohon garinmu, Chikwanda, ya rasu a asibitin birnin Masvingo, za a kawo gawarsa ranar Alhamis, a binne Juma'a. A wajenmu daga lokacin da gawa ta shigo gari ba a shiga gona, har sai an binne an kuma ƙara yini guda. Na ƙirga da yatsu. Alhamis, Juma'a, Asabar sun tafi, Lahadi ta coci ce. Ƙasarmu yashi ce, kafin Litinin ta shanye ta manta. Rana ɗaya ta rage, ita ce Laraba.

Na tarar da Sekesai tana kwashe robobin da ta tara ruwan indararo.

Na ce, "Yaya, gobe ki shuka."

"Gobe Laraba."

"Na san Laraba ce, ni ke koya wa yara kwanakin mako. Amma in ba gobe ba sai Litinin, kafin nan kuwa ƙura za ki zuba wa irin."

"To wani ruwan zai zo."

"Yaushe? Ga saƙon a wayata. Ba su hango komai ba har kwana goma, bayan nan ma ba tabbas. Dawar nan in ta samu danshin yau ta kafa saiwa, za ta jure. In kika bari, kina iya kaiwa Kirsimeti da tukunya a ɗaka."

Ta goge hannu da bakin zane. Can ta ce, "In ma zan yi, rabi zan zuba. Inna ba ta taɓa juye tukunya duka a ƙasa ba."

"Inna ba ta da ma'auni. Rabin da za ki ajiye, wa za ki ajiye wa, ƙwari? Ki zuba duka, Yaya. Wannan ruwan shi ne damar."

"Kai dai Taka, tun kana tsumma bakinka ya fi ka girma."

Haka ta ce, amma ta yi. Gari na wayewa ta shiga gonar da tukunyar a kunkuminta, ba fartanya, ba sanda. Ramukan suna nan a haƙe, ita dai ta jefa ƙwaya ta rufe da diddige. Ni ban je ba. Ƙarfe takwas ina bayan aji ina rubuta talatin da huɗu a littafi.

Ba wanda ya gan ta, amma ba a buƙatar a gan ta. Bayan kwana biyar dawa ta tsaga ƙasa, duk macen da ta nufi rijiya da bokiti sai ta wuce ta gefen gonar, kowa kuma ya iya ƙirga baya. Da farko abin dariya ne. Mako ɗaya ya wuce ba ruwa, mako biyu, dariya ta fara raguwa. Kullum da azahar giragizai su taru fari fat a yamma, mu ɗaga kai, kafin la'asar su watse. Shanu suka fara cin leda a bola. Gonakin gari duk ja wur, irin masara na rataye a ɗakuna, ga gonar Sekesai kore a bakin hanya. Da rana ganyen ya naɗe, da safe ya warware. Ya kai tsawon taƙi da rabi.

Rana ta goma sha tara bayan shukar, wata Litinin, mai unguwa ya aiko a kira ta.

Mai unguwarmu Baba Mudzingwa ba mugun mutum ba ne, wannan ina so a sani. Ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar haya tsakanin Masvingo da Beitbridge kafin sarautar gidansu ta faɗo kansa, ya ga duniya fiye da ni. Ranar gari duk ya taru a gindin itacen da ake zaman shari'a, maza a kan kujeru da duwatsu, mata a kan tabarmi. Sekesai ta durƙusa a tsakiya ta tafa hannu ta gaishe shi.

Ya kira ta da sunan ɗan farinta ya ce, "Maman Tarisai, an ce kin yi noma ranar chisi."

"Ban taɓa fartanya ba, Baba. Da ƙafa na rufe."

Marufu ya ce daga inda yake jingine da kekensa, "To ai shi ke nan, a ci tarar ƙafar, a saki matar!"

Marufu abokin wasan gidanmu ne. Gidansu ke binne mamatanmu, mu ke binne nasu, saboda haka yana da damar zaginmu a ko'ina, kuma bai taɓa barin damar ta wuce shi ba. Wasu suka yi dariya, tsofaffi ba su yi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin Disamba irin wannan ba. Wata mata ta ce saniyarta ta kwanta jiya ta kasa tashi. Ba wanda ya ɗaga murya. Abin da suke so a fili yake: abin da aka shuka ranar chisi a tuge shi, a kai falalen dutsen da ke gindin tsauni a bar wa kakanni masu ƙasa, ko sa huce.

Na nemi izini na miƙe. Na yi musu bayanin tekun da ya yi ɗumi, da iskar da ta sauya hanya, da giragizan da suka tsaya a Zambiya. Na ce farin nan ba namu mu kaɗai ba ne, har Malawi da Mozambik ana kuka, a Kenya kuwa ruwa ne ya yi yawa yana cin gidaje, duk daga abu ɗaya. Na ce tun Satumba aka faɗa, lokacin irin yayata yana cikin tukunya. Na yi bayanin da kyau, na san na yi, har na ji muryata tana yi mini daɗi.

Marufu ya ce, "Wato teku ne ya yi zazzaɓi a can, mu ake ba magani a nan. Malam, ba ka da lambarsa a wayar taka ne? Kira mana shi mu yi masa sannu."

Baba Mudzingwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam, ni ma ina da rediyo. Na ji zancen tekun nan, ban kuma ce ƙarya ne ba. Sai dai tekun ba ya cikin unguwata, ba zan iya aikawa a kira shi nan ba. Yayarka tana ciki. Mutanen nan suna so su ga an yi wani abu. Kana da abin da ya fi nasu?"

Ina da shi. A safiyar ranar saƙo ya shigo cewa iskar da ta danne mu ta fara sassautawa, danshi yana gangarowa daga arewa, ana sa ran ruwa a yankinmu cikin kwana biyar. Na ciro wayar na karanta musu.

Ya ce, "Madalla. Zai zo ke nan?"

"Ana sa rai, ranka ya daɗe. Kashi sittin cikin ɗari."

"Sauran arba'in ɗin fa?"

Marufu ya ce, "Arba'in ɗin namu ne, sittin na Malam."

Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya dube ni sosai ya ce, "Ɗana, ni ban yi karatun kashi-kashi ba. Kai ne mai kwalba, sama da shekara goma muna ganinka da ita. Ka ce mini ruwa zai zo kafin Asabar, in ɗage zaman nan zuwa Asabar. In ka faɗa, mutanen nan za su jira."

Sai daga baya na gane cewa ƙofa tsohon ya buɗe mini, ya kuma riƙe ta da hannunsa yana jira in wuce. A lokacin ban ga ƙofa ba, jarrabawa na gani. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ƙara rabin milimita a littafina ba, ko ranar da na makara ban taɓa rubuta ƙarfe takwas ba. Da wannan nake taƙama, ba ni da wani abin taƙamar da ya wuce shi. Na kuma tuna cewa in na ce tabbas, ruwan kuma bai zo ba, an gama da ni da kwalbata a garin nan. Sekesai tana durƙushe, ba ta ɗago kai ba.

Na ce, "Ba zan iya cewa tabbas ba, ranka ya daɗe. Ba haka ilimin yake ba. Ya fi kusa da zuwa, amma..."

"Zai zo ko ba zai zo ba?"

"Kashi sittin ne."

Ya sunkuyar da kai ya ɗan jima yana zane a ƙasa da sandarsa. Sannan ya yanke: a tuge, a kai dutse, kafin rana ta faɗi. Ya ce ba zai karɓi akuyar tara ba, tunda mace ce mai zaman kanta. Samari suka fara miƙewa. Sekesai ta tafa hannu ta ce ta ji ta karɓa, amma alfarma ɗaya take roƙo, kada ƙafar kowa ta shiga gonarta. Ita ta shuka, ita za ta tuge. Aka ba ta.

Na bi ta gonar. Ta ɗaura ɗankwali a kunkumi ta fara daga layin farko. Dawar ba ta fita da sauƙi, saiwar ta yi nisa tana bin danshi, sai ta sa hannu biyu. Na tsallaka shinge zan kama mata.

Ba ta juyo ba ta ce, "Na ce ƙafar kowa."

"Yaya, ni ne fa."

"Na san kai ne. Ranar da ka ce in juye tukunya duka, kashi nawa ne?"

Ta ci gaba da tuge dawarta. Na koma bayan shingen na tsaya kamar sauran 'yan kallo. Sawu bakwai ta yi zuwa gindin tsauni da kwando a ka. Ta baza dawar a kan falalen dutsen yadda aka ce, tsofaffi biyu suka tsaya suka shaida. Dutsen nan da rana ko ƙadangare ba ya zama a kansa.

Talata ba komai. Laraba aka yi chisi irin wadda ba a taɓa yi ba, ko tsintsiya ba a taɓa ba. Ranar Alhamis tun hantsi iska ta juyo daga arewa, mai ɗumi da nauyi, na san ta. Da la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito tsakar gida suna guɗa. Marufu ya wuce ta ƙofar gidana a kan keke, jiƙe sharkaf, yana ihu, "Malam Hadari, sittin ɗinka ta iso! Ka gaishe mana da teku!"

Ba wanda ya yi gardama a kan abin da ya kawo ruwan. An tuge Litinin, an samu Alhamis, lissafin bai da wuya. Ni ma ban ƙara yi wa kowa bayani ba. Baba Mudzingwa ya aika wa Sekesai ledar irin masara daga nasa, wasu mata ma suka kai mata, don ba ƙinta ake yi ba. Ruwan ya yi mako uku yana zuwa, gari ya yi kore, sannan a tsakiyar Janairu ya ɗauke ɗif kamar yadda aka faɗa tun Satumba. Masara ta bushe a tsaye tana shirin fitar da kai. Shekarar ba gidan da ya cika kwando, da hatsin agaji muka kai baɗi.

Amma a safiyar Juma'ar nan ba wanda ya san haka. Gari duk yana gona, ana shuka ana waƙa. Na duba kwalba ƙarfe takwas, na tura saƙo, na wuce gidan Sekesai. Ba ta nan, ba ta kuma gona. Maƙwabciyarta ta nuna mini tsauni da haɓa.

Na same ta a tsugune a kan falalen dutsen da bokiti a gefe, da ɗan ruwa a ciki. Dawa tana karɓar dashe in ba ta daɗe da tugewa ba, kowa ya san wannan. Tana ɗaukar tsiron ɗaya bayan ɗaya, ta tsaga gindin da farce ta duba ko da sauran kore, ta ajiye a gefen hagu. Tarin hagu ya yi yawa. A bokitin ba ko ɗaya. Kwana uku a kan dutse sun mai da su tsintsiya, ruwan jiya ya jiƙa su ne kawai.

Na tsuguna nesa kaɗan. Kunya ta ishe ni, ban san ta inda zan fara ba. Ita ta fara.

"Nawa ka samu a kwalbar?"

"Hamsin da biyu."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

Ta gyaɗa kai ta ɗauki wani tsiron.

Na ce, "Yaya, ranar ban sani ba. Ba wanda ya sani tabbas. Da na faɗa, ƙarya zan yi a gaban mutane."

Ta tsaga gindin ta duba ta ajiye a hagu. Ba fushi a muryarta, da ma akwai da na fi jin sauƙi.

Ta ce, "Kwana uku kawai ƙaryar za ta yi, Taka. Daga nan ta zama gaskiya."

Ta duba na ƙarshen, ta miƙe, ta juye ruwan bokitin a kan dutsen, ta kama hanyar gida.